Korona Mai Sauya Kama



Yau zan ɗauke ku zuwa wani birni mai nisa da mu, a tsakiyar dajin Amazon na ƙasar Birazil, sunansa Manaus. Birni ne mai mutane sama da miliyan 2, akasari ta ruwa ko ta sama ake isa gare shi. A watannin Afrilu da Mayu na 2020 cutar korona ta yi masa mugun kamu, har ta kai katafila ce ke haƙa dogon rami a maƙabarta ana jera akwatunan gawa a ciki. Daga baya abin ya lafa. Masu bincike suka auna jinin mutanen da ke ba da gudummawar jini, suka ƙiyasta cewa zuwa watan Oktoba kashi 76 cikin 100 na mazauna birnin sun riga sun kamu. Wannan ƙiyasi ya shiga kunnen jama'a, kowa ya ɗauka an wuce wurin. Wanda kwanansa ya ƙare ya tafi, wanda ya tsira jikinsa ya san cutar, ai ba ta da sauran mashiga. Kasuwa ta sake cika, aka yi zaɓe a watan Nuwamba, aka yi bukukuwan ƙarshen shekara.

Ranar 14 ga Janairun 2021 iskar oksijin ta ƙare a asibitocin Manaus. Ma'aikatan jinya suka koma matsa jakar numfashi da hannu, wannan ya gaji ya miƙa wa wancan, don kada mara lafiya ya shaƙe a gabansu. Dangi suka bazu cikin gari da tukwanen iska a kafaɗa, suna kwana a layi a ƙofar masu sayarwa. Aka riƙa kwasar marasa lafiya a jirgin soja zuwa wasu jihohi. Ƙasar Benezuwela, wadda ita kanta ke fama da talauci, sai da ta turo manyan motoci ɗauke da iska. Mutane da yawa sun mutu a kan gadon asibiti, likita na tsaye, magani na nan, iska ce kawai babu.

Me ya dawo da cutar garin da ake ganin ta gama da shi? Masana sun kawo dalilai. Akwai yiwuwar ƙiyasin farko ya zarce gaskiya. Akwai kuma cewa kariyar da jiki ke samu bayan kamuwa tana raguwa da tafiyar watanni. Amma da aka ɗauki ƙwayar aka duba, sai aka ga ba wadda ta zo a watan Afrilu ba ce. Jikarta ce, ta sauya kama. Ita ce daga baya aka raɗa wa suna Gama.

Bari mu ɗan tsaya a nan, domin wanda bai gane yadda ƙwayar ke sauyawa ba, duk labarin da zai biyo baya zai zame masa tatsuniya. Ƙwayar korona ba ta iya hayayyafa da kanta. Sai ta shiga cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum, a hanci ko maƙogwaro ko huhu, ta tilasta musu su riƙa kwafo ta. Abin da ake kwafowar kuwa dogon saƙo ne mai haruffa kimanin 30,000, kuma a jikin mutum ɗaya ana maimaita wannan kwafi sau biliyoyi. Ba yadda za a yi ta kwafar abu mai tsawo haka ba a yi tuntuɓe ba. Nan harafi ya sauya, can wani ya ɓace. Galibin kurakuran ba sa tsinana wa ƙwayar komai, wasu ma nakasa ta suke yi. Amma jefi-jefi kuskure yakan faɗo a inda zai amfane ta.

Inda ya fi amfanar ta shi ne a kan wasu ƙayoyi da suka kewaye bayanta. Da su take maƙalewa a jikin ƙwayoyin halittarmu ta kutsa ciki, kuma da su ne garkuwar jiki ke shaida ta. Ku ɗauki 'yan sintirin unguwa da suka taɓa kama wani ɓarawo, suka san fuskarsa da irin rigarsa. In ya dawo yadda yake, tun daga bakin layi za su cafke shi. In ya sauya riga ya naɗa rawani ya rufe rabin fuska, zai iya wuce na farko da na biyu, har ya shiga gida, kafin wani tsoho a cikinsu ya gane shi daga tafiyarsa. Haka lamarin yake a jiki. Sabon nau'i yakan wuce kariyar farko ya kama wanda ya taɓa kamuwa ko wanda ya yi allurar rigakafi, amma sau da yawa jikin yakan gane shi daga baya ya hana shi yin mummunar ɓarna. Wannan ne ya sa mai allura ke iya kamuwa, amma ba kasafai yake kaiwa ga gadon asibiti ba.

To ga inda nake so mai sauraro ya ba ni kunnensa duka biyu, don akwai ɗan lissafi. Jama'a sun fi jin tsoron nau'in da aka ce ya fi kisa. A gaskiya wanda ya fi saurin yaɗuwa shi ya fi cika maƙabarta. Mu ce a wani gari mutum 1,000 ne ke ɗauke da cutar, kuma kowane mutum 10 suna harbar mutum 11. Bayan zagaye goma, wato wajen wata biyu, sababbin masu kamuwa za su kai kimanin 2,600. Abin damuwa ne, amma asibiti zai iya ɗauka. Yanzu mu ce sabon nau'i ya shigo, kowane mutum 10 suna harbar mutum 16. Ƙarin mutum biyar ne kacal. Bayan zagaye goman nan, sababbin masu kamuwa za su kai kimanin 110,000. Ko da ƙarfin kisan ƙwayar bai ƙaru da ƙwayar zarra ba, mamatan za su ninka fiye da sau arba'in, kuma duk a lokaci ɗaya za su taso wa asibiti. A nan ne gado ke ƙarewa, iska ta ƙare, ma'aikata su kwanta, mai naƙuda da wanda mota ta buge su ma su rasa mai duba su.

Wannan lissafin ne ya tayar wa Burtaniya hankali a watan Disambar 2020. Ƙasar tana cikin dokar kulle a watan Nuwamba, alƙaluma suna sauka ko'ina, sai a yankin Kent da ke kudu maso gabashin Ingila suka ƙi sauka. Da aka bincika sai aka gano nau'in da aka kira Alfa, wanda ya fi na baya saurin yaɗuwa da kusan rabi. Ranar 19 ga Disamba firaminista Boris Johnson ya soke wa miliyoyin mutane shirin Kirsimeti. Duk da haka, a watan Janairu an kai ranar da aka sanar da mutuwar mutum sama da 1,800. A daidai wannan lokaci Afirka ta Kudu na fama da nata, Beta, wanda ya ɓullo daga lardin Gabashin Kef.

Amma idan ana neman darasi mai ɗaci, Indiya za a duba.

A watan Fabrairun 2021 masu kamuwa a Indiya, ƙasa mai mutane biliyan 1 da miliyan ɗari uku da ɗoriya, sun sauko zuwa wajen 10,000 a rana. Shugabanni suka fara bugun ƙirji. A farkon Maris ministan lafiya na lokacin, Harsh Vardhan, ya shaida wa jama'a cewa ƙasar ta zo ƙarshen annobar. Aka buɗe filayen wasan kurket, 'yan siyasa suka tara dubban mutane a gangamin zaɓe a jihar Bengal ta Yamma, miliyoyin mabiya addinin Hindu suka hallara a garin Haridwar don wankan ibada a kogin Ganga. Alhali tun ƙarshen 2020 wani nau'i ke tafiya a hankali a jihar Maharashtra. Shi ne Delta, wanda ya fi Alfa ɗin nan saurin yaɗuwa da wajen rabi kuma.

Zuwa farkon Mayu, masu kamuwa sun haura 400,000 a rana guda. A birnin Delhi wuraren ƙona gawa suka cika, aka koma jera itace a filin ajiye motoci. Asibitoci suka riƙa roƙon iska a shafukan sada zumunta, suna faɗin sa'o'in da suka rage musu. An ga mutane suna cikawa a bayan keke mai ƙafa uku a ƙofar asibiti, 'ya'yansu na yi musu fifita. A jihohin Uttar Pradesh da Bihar gawawwaki suka taso a kan kogi, don talaka ya kasa sayen itacen ƙona mamacinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya daga baya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.7 suka mutu a Indiya sanadin annobar a 2020 da 2021, kusan ninki goma na abin da gwamnati ta ƙirga. Gwamnatin Indiya ta yi fatali da wannan ƙiyasi.

Na daɗe a kan Indiya ne don in nuna abu ɗaya. Sabon nau'i shi kaɗai ba ya haddasa guguwa. Sai ya tarar da ƙofa a buɗe. A Manaus da Indiya duka, ƙwayar ta sauya kama ne a daidai lokacin da jama'a suka saki jiki, shugabanni kuma suka faɗa musu abin da suke son ji. Ba na zargin talakan da ya gaji da zaman gida ya fita neman abin kai wa baka. Wanda nake zargi shi ne mai mulkin da masana suka gargaɗe shi, ya ga zaɓe a gabansa ya toshe kunne.

Wutar Indiya kuwa ba a can ta tsaya ba. A birnin Pune na ƙasar ne kamfanin Serum Institute yake, wanda shirin COVAX ya dogara da shi don sama wa ƙasashe matalauta allurar AstraZeneca. Daga can aka kawo wa Ghana allurai 600,000 a ranar 24 ga Fabrairun 2021, aka kawo wa Najeriya kusan miliyan 4 a ranar 2 ga Maris. Da gobara ta tashi a gida, Indiya ta dakatar da fitar da allura, kuma ba ta sake sakin hannu sosai ba sai wajen ƙarshen shekara. Nahiyar Afirka ta wayi gari hannu rabbana, Delta kuma na tafe. A watan Yuni ta durƙusar da Yuganda da Namibiya da Zambiya, shugaba Museveni na Yuganda ya sa dokar kulle ta kwana 42. A watan Yuli asibitocin Tunisiya suka gaza, fushin jama'a ya ba shugaba Kais Saied hanyar korar gwamnati. Indonesiya ta kai ga binne sama da mutum 2,000 a rana. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da shigowar Delta Najeriya a farkon watan Yulin nan.

A wannan lokacin ƙasashe masu arziki sun riga sun saye allurai fiye da buƙatarsu, wasu har sun fara yi wa mutanensu ta uku. Shekarar 2021 ta ƙare waɗanda suka kammala allura a Afirka ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, a Najeriya ba su kai kashi 3 ba. Da aka tashi yin kyauta kuma, sai aka riƙa turo waɗanda wa'adinsu ya kusa cika. A watan Disambar 2021 hukumomin Najeriya suka fito da allurai sama da miliyan 1 da suka lalace, katafila ta murƙushe su a juji a Abuja. Wannan son kai ne, kuma son kai ne mara dabara. Ku tuna abin da na ce game da kwafi. Kowane mutum da ya kamu, a Lahore yake ko a Lusaka, dama ce aka ba ƙwayar ta sake gwada sa'arta. Wanda ya kulle allura a ɗakinsa ya bar maƙwabci a fili, shi da kansa ya ba ta filin atisaye.

Akwai wani ɓangare na wannan magana da ba a cika faɗa ba. Masana da dama suna ganin manyan nau'o'in nan sun ƙyanƙyashe ne a jikin mutanen da garkuwarsu ta yi rauni, irin masu fama da ciwon daji ko masu cutar ƙanjamau da ba sa samun magani yadda ya kamata. Mai ƙarfin jiki yakan kori ƙwayar cikin mako biyu. Mai rauni kuwa takan zauna a jikinsa wata da watanni, tana kokawa da ragowar garkuwarsa tana koyon zille mata. A Afirka ta Kudu likitoci sun bi diddigin wata mata mai ƙanjamau da ƙwayar ta zauna a jikinta kwana 216, ta sauya a wurare sama da 30. An ga irin haka a asibitocin Ingila da Amurka. Kada wani ya ji wannan ya ce an samu wanda za a ɗora wa laifi. Waɗannan bayin Allah su ne aka fi cuta. Abin da binciken ya nuna shi ne, da aka daidaita wa matar nan maganinta na ƙanjamau, jikinta ya kori koronar. Ashe kai wa mara galihu magani a kan kari kariya ce ga kowa.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ci mini rai a duk wannan tarihi.

A watan Nuwambar 2021, ma'aikatan wani ɗakin gwaje-gwaje a lardin Gauteng na Afirka ta Kudu suka lura da wani abu ƙarami. Gwajin da suke yi alamomi uku yake nema a jikin ƙwayar. Sai suka ga samfura suna zuwa da biyu, ta ukun ta ɓace. Wani zai ce na'ura ce ta samu matsala ya wuce. Su ba su wuce ba. A can Gaborone na ƙasar Botsuwana ma, Dakta Sikhulile Moyo da abokan aikinsa sun karanta haruffan ƙwayar da aka samu a jikin wasu baƙi huɗu da suka shigo ƙasar kan aikin diflomasiyya, suka ga abin da bai yi kama da komai da suka sani ba: sauyi kusan 50, sama da 30 daga ciki a kan ƙayoyin nan. Masanan ƙasashen biyu, ciki har da Farfesa Tulio de Oliveira, ba su ɓoye ba. Suka saka bayanan a inda kowane masani a duniya zai gani. Ranar 24 ga Nuwamba aka sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya, ranar 26 ta sa masa suna Omikron.

Tukwicin da suka samu shi ne rufe musu ƙofa. Cikin sa'o'i Burtaniya ta hana jiragen kudancin Afirka sauka, Tarayyar Turai da Amurka da wasu suka bi sahu. Fasinjoji wajen 600 da suka sauka a Amsterdam daga Afirka ta Kudu aka tsare su sa'o'i masu yawa. Otal-otal suka wayi gari baƙi sun soke zuwa a daidai kakar yawon buɗe ido. De Oliveira ya koka cewa hatta sinadaran da suke gwajin da su sun daina isowa, don babu jirgin da zai kawo. Bayan 'yan kwanaki hukumomin Holan suka duba tsofaffin samfuransu, suka tarar Omikron na cikin ƙasarsu tun ranakun 19 da 23 ga Nuwamba, kafin Afirka ta Kudu ta buɗe baki. Burtaniya da Amurka ba su hana jiragen Holan sauka ba.

Mu ma abin ya shafe mu. Najeriya ta sanar da ganin Omikron ranar 1 ga Disamba, ranar 6 ga wata Burtaniya ta saka ta cikin jerin ƙasashen da aka haramta wa shiga. Wanda ke da izinin zama can, in ya dawo sai ya biya fam 2,285 a killace shi a otal. Kanada ta rufe ƙofarta, Saudiyya ta dakatar da jirage daga Najeriya, masu niyyar Umara suka zauna da jakunkunansu a ɗaure. Ranar 15 ga Disamba Burtaniya ta janye dokar, ministan lafiyarta ya amsa cewa nau'in ya riga ya bazu a cikin gida. A farkon Janairun 2022 ta ƙirga sama da mutum 200,000 a rana ɗaya, Amurka ta haura miliyan 1.

Tun watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta koma kiran nau'o'in da haruffan Girka, don a daina jingina cuta ga sunan ƙasa. Sunan ya sauya, halin bai sauya ba. Inda aka fara ganin nau'i ba lallai ne can aka haife shi ba. Can ne dai akwai mai dubawa, kuma mai gaskiyar da zai faɗa. Idan duniya ta saka wa mai gaskiya da asarar kasuwa, wane ministan lafiya ne gobe zai yi gaggawar sanarwa? Zai ce a dakata a sake dubawa, a jira mako guda. Mako guda kuwa, ga ƙwayar da ke ninka kanta cikin kwana biyu zuwa uku kamar yadda Omikron ta yi, ya isa ta tsallaka nahiya.

Na san a cikin masu saurarona akwai mai cewa, Malam, duk wannan labarin wasu ne, mu nan ba mu ga komai ba. Na ji ana cewa cutar masu kuɗi ce, cutar masu hawa jirgi ce, na ji yara suna ihun babu korona a kan titi. Kuma ba zan raina wannan shakka ba, don tana da tushe. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan 'ya'yansu a 1996 ba. Da korona ta zo kuma, an rufe kasuwa da masallaci, tallafin da aka yi alkawari bai iso hannun talaka ba. A Yamai da yankin Damagaram sai da aka yi tarzoma kan dokar hana sallar jam'i. Sannan gaskiya ne Allah Ya sassauta mana, kuma akwai sababi a fili: rabin mutanen Nijar ba su wuce shekara 15 ba, rabin na Najeriya ba su wuce 18 ko 19 ba, korona kuwa tsofaffi ta fi kayarwa.

Amma sassauci daban, rashin zuwa daban. A watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari a Kano ne suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Malamai da dattawa da 'yan boko da masu sarauta suka riƙa tafiya a jere. Bayan bincike, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma rabi zuwa kashi 60 cikin 100 na da alaƙa da korona. Binciken jini da aka yi a watan Oktoban 2020 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar a jihar Nasarawa ya taɓa kamuwa, a Gombe kusan ɗaya cikin goma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa cikin kowane mutum bakwai da suka kamu a Afirka, shida ba a gano su ba. Cutar ta ratsa mu, mun kira ta zazzaɓi da mura da ajali. Kuma Hajji biyu, na 2020 da na 2021, ba maniyyacin da ya tashi daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi.

Akwai kuma wata magana da ta samu gindin zama, wai ƙwayar cuta kullum laushi take ƙara yi in ta tsufa. Ba doka ba ce. Alfa ta fi ta farko tsanani, Delta ta fi Alfa. Omikron ta zo da sauƙi a wurare da yawa, amma babban dalili shi ne ta tarar da jikin da ya riga ya san cutar, ta hanyar allura ko kamuwa. Inda ta tarar da jiki ɗanye, ba ta yi wasa ba. Hong Kong ta tsare kanta shekara biyu, amma tsofaffinta da yawa ba su yi allura ba. Da Omikron ta shiga a farkon 2022, aka jera marasa lafiya a kan gadaje a waje cikin sanyi, sama da mutum 9,000 suka mutu cikin 'yan watanni. Da ƙasar Sin ta sassauta dokokinta a watan Disambar 2022, hukumominta da kansu sun ce kusan mutum 60,000 suka mutu a asibitoci cikin mako biyar.

Ranar 5 ga Mayun 2023 shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya sanar da janye dokar ta-ɓaci kan korona. Ƙwayar ba ta ji sanarwar ba, tana nan tana kwafar kanta. Jikokin Omikron sun ci gaba da gadon juna, irin su XBB da JN.1, kowanne ya zo da ɗan tashin alƙaluma, shi ya sa ake sabunta allurar. Ga dattijo, da mai ciwon sukari ko hawan jini, da mai juna biyu, har yanzu mura mai zazzaɓi da sarƙewar numfashi ba abin a sha ganye a kwanta ba ce. A je asibiti da wuri.

Abin alheri ɗaya da annobar ta bar wa Afirka shi ne idon gani. Kwanaki kaɗan bayan an samu mutum na farko a Legas a ƙarshen Fabrairun 2020, cibiyar Farfesa Christian Happi da ke Ede a jihar Osun ta karanta haruffan ƙwayar, karo na farko a nahiyar. Kafin annobar, ƙasashen Afirka 7 ne kacal ke da na'urar karanta haruffan ƙwaya a cibiyoyin lafiyar gwamnati. Cikin 'yan shekaru suka kai wajen 40. A watan Mayun 2025 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar tunkarar annoba, amma suka ɗage tattaunawa kan sashen da ya fi shafar mu, wato me ƙasar da ta ba da bayanin ƙwayar cuta za ta samu na allura da magani a madadin gaskiyarta. A nan ya kamata wakilanmu su kafe, kada su sa hannu a kan alkawarin baka.

A gida kuma, na'urorin nan ba su aiki da fatan alheri. Suna son wutar lantarki da sinadarai da albashin ma'aikata, kuma galibin kuɗin daga waje yake zuwa, wajen da yanzu ke janye hannu. Su ne dai za su gano mana zazzaɓin Lasa da sanƙarau da mashaƙon da ya addabi Kano da Yobe a 2023. A shekarar 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Najeriya, mai masaukin taron, ta shafe shekaru tana yawo a wajen kashi 5. Idan ɗan majalisarku ya zo gida, ku tambaye shi nawa aka ware wa ɗakin gwaje-gwaje na jiharku a bana, nawa ne kuma ya fita daga baitulmali ya isa can.